Yadda Za Mu Rubuta Raujin Waƙoƙin Gaɗa a Kwamfuta, Mu Busa Su da Harmonika

Batun da ƙungiyar 'yan jarida ta ɗauko muku a wannan fitowa zai yi wa wasu kama da wasa, amma ku daure ku karanta kafin a kaɗa ƙararrawa.

Duk wanda ya taɓa buɗe littafin Imfiraji na Malam Aliyu Namangi, wanda aka buga a nan Zariya, ya san takarda kalmomi kawai take riƙewa. Baitoci suna nan daram, amma in ba ka taɓa jin an rera su ba, babu abin da zai nuna maka inda murya take hawa, inda take sauka, da inda ake jan ta. Wannan hawa da saukar murya shi ne masana waƙar baka irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau suke kira rauji. Imfiraji ta yi sa'a, don har gobe ana rera ta. Haka waƙoƙin Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da na Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, suna nan a kaset da wayoyi.

Waɗanda ba su yi wannan sa'a ba su ne waƙoƙin da ba su da mai su: na gaɗa, na daka, na niƙa, na reno, da na tashe irin su Macukule da Samodara. Injin niƙa ya kori dutsen niƙa, waƙar niƙa ta bi shi. Dandali ya yi baya, domin yanzu bayan isha'i kowa yana gaban talabijin ko waya. Ku gwada tambayar 'yan ajinku, ku ji mutum nawa ne zai iya rera waƙar gaɗa guda ɗaya daga farko har ƙarshe. Kalmomin wasu daga cikinsu suna cikin littattafai da kundayen ɗaliban jami'a. Raujin kuwa yana bakin kakanninmu mata ne, kuma duk tsohuwar da ta kwanta dama da nata take tafiya.

Wani zai ce, to ba sai a naɗi muryarta a waya ba? Lallai a naɗa, shi ne ma matakin farko. Sai dai waya tana ɓata, katin ajiya yana lalacewa, kuma abin da aka naɗa sauraro kawai ake yi. Rubutaccen rauji ana ganin sa da ido, ana liƙa shi a bango kamar wannan mujalla, ana ajiye na Tudun Wada kusa da na cikin birni a ga inda suka saɓa, kuma wanda bai taɓa jin waƙar ba zai iya tayar da ita. A birnin Chicago na Amurka an yi wani shugaban 'yan sanda ɗan asalin ƙasar Ailan, Francis O'Neill, wanda ya ga kiɗan garinsu yana neman ɓacewa a hannun 'yan ci-rani. A 1903 ya fitar da littafi mai ɗauke da rauji 1,850. Shi da kunne ya koyi busa, wani sajan ne da ya ƙware a rubutun kiɗa yake rubuta masa. Fiye da shekara ɗari ke nan, masu goge da sarewa na ƙasar har yanzu suna buɗe littafin.

Shi rubutun kiɗa ba wani tsafi ba ne. Layuka ne guda biyar a kwance, ana ɗora ɗigo a kan layi ko a tsakanin layuka biyu. Ɗigon da yake sama sautinsa siriri ne, wanda yake ƙasa mai kauri. Siffar ɗigon kuma, ko baƙi ne ko mai farin ciki, ko yana da wutsiya ko ba shi da ita, ita take nuna tsawon lokacin da za a riƙe shi. Tushen wannan tsari yana komawa ga wani malamin coci a Italiya mai suna Guido, a ƙarni na 11, kuma daga aikinsa ne aka samo sunayen nan na do, re, mi, fa, so, la, ti. Ba baƙon abu ba ne a garin nan. 'Yan badujalar soja da irin wannan rubutu suke aiki, mawaƙan coci kuma, a Wusasa ko Sabon Gari, da do-re-mi suke koyon sabuwar waƙa.

Abin da ya sa a da ake jin tsoron sa shi ne, sai ka shekara kana koyo kafin ka iya kallon takarda ka ji sautin a kanka. Nan ne manhajar kwamfuta ta sauƙaƙa lamarin, domin duk ɗigon da ka ajiye nan take za ta busa maka shi. In ya yi daidai kunnenka zai gaya maka, in bai yi ba ka matsar da shi. Akwai manhajoji na kuɗi irin su Sibelius. Akwai Finale, wadda ta yi tashe tun 1988 har kamfaninta ya daina sayar da ita a 2024. Wadda ta dace da aljihun ɗalibi ita ce MuseScore, wadda wani Bajamushe, Werner Schweer, ya faro a 2002. Kyauta ce, kuma da zarar an sauke ta a kwamfuta ba ta buƙatar intanet. A lura, wadda ake sa wa a waya karatu da sauraro kawai take yi, rubutun sai a kwamfuta.

To me ya kawo harmonika cikin zancen? Harmonika ita ce 'yar abin busar nan ta ƙarfe da ba ta wuce tsawon tafin hannu ba, wadda ake gogawa a leɓe hagu da dama. Jamusawa ne suka yaɗa ta a duniya. Kamfanin Hohner, wanda wani mai sana'ar agogo, Matthias Hohner, ya kafa a garin Trossingen a 1857, har yau yana ƙera ta. Ba ta cin batir, ba a ɗaure mata tsirkiya, tana shiga aljihu, kuma kowane rami sautinsa a tsaye yake, saboda haka sabon shiga ba ya shan wahalar da mai koyon goge yake sha kafin yatsansa ya san wurinsa. Mun san akwai masu cewa ba kayan kiɗanmu ba ce. Gaskiya ne. Amma sunan algaita ma daga Larabci ya zo, kakaki kuma Tarihin Kano ya nuna a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa aka fara busa shi a fada. Mu a ganinmu, in raujin namu ne, ba laifi a ari bakin da zai faɗe shi.

In za ku saya, ku nemi mai rami goma wadda aka buga wa harafin C a jiki. Akwai wata doguwa mai ramuka 24 a jere biyu, ita lissafinta daban ne, lambobin da za mu kawo ba za su yi aiki a kanta ba. A cikin kowane rami na mai goman akwai siraran harsunan ƙarfe guda biyu. Ɗaya yana kaɗawa in ka hura iska, ɗayan in ka zuƙa. Masu koyo suna rubuta lambar rami zalla in hurawa ce, su sa mata 'yar sanda a gaba in zuƙa ce. Wato 4 tana nufin hura rami na huɗu, -4 kuma zuƙe shi.

Ga inda sa'armu take. Yawancin waƙoƙinmu na gargajiya a kan sautuka biyar suke yawo, ba bakwai ba, kuma mafi kusa da su a tsarin Turawa su ne do, re, mi, so, la. A harmonika ga su a jere a tsakiya: do 4, re -4, mi 5, so 6, la -6, sai do ta sama 7. Ku hau su ku sauko sau goma a hankali, za ku ji abin ya fara kama da gida. Wahalar kwanakin farko ɗaya ce, wato fitar da sauti guda ba tare da na maƙwabta sun biyo shi ba. Ku tsuke leɓe kamar mai shirin fito, ku tura harmonikar cikin baki sosai, kuma iskar ta fito daga ciki a hankali. Ba wuta ake hurawa ba.

Yanzu ga aikin kansa. A je wurin mai waƙar, a gaishe ta, a nemi izini, a naɗi muryarta tana rerawa tana tafi, sau biyu ko uku. Sannan a saurara har sai an iya rera waƙar da ka. Wannan mataki ba a tsallake shi. Wanda bai iya rera abu ba, ba zai iya rubuta shi ba, komai kyan kwamfutarsa. In waƙar tana da sauri, akwai wata manhajar kyauta mai suna Audacity da take rage gudun murya ba tare da ta kaurara ta ba.

Kafin a taɓa maɓalli, a fara gano tafiyar tafin. A ƙirga a ji, tsakanin tafi da tafi, gida nawa murya take rabawa? In biyu ne, a zaɓi ma'aunin 2/4 ko 4/4 lokacin buɗe sabon shafi. In uku ne, kamar yadda ake yawan samu a kiɗanmu, a zaɓi 6/8 ko 12/8. Wanda ya zaɓi ma'aunin da bai dace ba zai yi ta matse gaɓoɓi don su shiga, ƙarshe waƙar 'yan mata ta koma faretin soja. A kuma lura, sau da yawa murya ba ta farawa tare da tafin farko, tana riga shi ko ta biyo bayansa, sai a bar gurbin shiru a wurin.

A nan darasin Hausa zai yi muku rana fiye da yadda kuke zato. Kun tuna gaɓa mai nauyi da marar nauyi? A waƙar Hausa, gaɓa mai nauyi takan ci lokacin marasa nauyi biyu. Ku ɗauki gari na zama da gari na tuwo. A na farko ga gajeriya ce, ri doguwa, a na biyu duka dogaye ne. Saboda haka in kuka rubuta kalmomin waƙar a takarda, kuka sa wa kowace gaɓa alamar nauyinta, kun gama rabin aikin tsawon ɗigogi tun kafin ku kunna kwamfuta. A ma'aunin 6/8, mai nauyi ɗaya da marar nauyi ɗaya sun cika tafi guda. Ƙarshen layi ne kawai mai rerawa takan ja yadda ta ga dama. Karin sauti ma yana taimakawa. Kukan yaro karin sama ne duka, kukar miya kuwa daga sama take faɗowa ƙasa, kuma rauji yakan bi wannan hawa da sauka na magana. Ba doka ba ce da ba a karyawa, mawaƙa suna saɓa mata, amma in kuka ga ɗigoginku suna hawa a inda kalma take sauka, ku koma ku sake saurare.

Shigar da ɗigon kuwa ba wuya. A MuseScore ana danna harafin N don fara rubutu. Lamba tana zaɓar tsawo: 4 gajere, 5 ninkinsa, 6 ninkin na 5, sifiri kuma shiru. Harafi yana zaɓar sauti: C ita ce do, D re, E mi, G so, A la. Kibiyar sama ko ta ƙasa tana matsar da ɗigo mataki ɗaya. Dogon maɓallin nan na ƙasa, wanda ake ba da tazara da shi, shi yake sa manhajar ta busa abin da aka rubuta. A rubuta sautuka huɗu ko biyar, a saurara, a gwada da muryar da aka naɗa, a gyara, sannan a ci gaba. In aka danna Ctrl da L za a iya rubuta kalmomi a ƙarƙashin ɗigogi, gaɓa-gaɓa. A layi na biyu na kalmomin sai a jera lambobin ramukan harmonika, shi ke nan takarda ɗaya ta ɗauki rauji, kalmomi da busa. Da yake waƙar gaɗa bayarwa ce da amshi, a ba mai bayarwa nata jerin layuka, 'yan amshi nasu, don mutum biyu su iya busawa suna karɓa wa juna. Kuma kowa ya san halin wutar garin nan, a riƙa danna Ctrl da S a kai a kai.

Akwai wani tarko da kusan kowane mai koyo yake faɗawa, a nan ne kuma manhajar take biyan ladan wahalarta. Waƙoƙi da yawa suna saukowa ƙasa da do, su taɓa la ta ƙasa. A harmonika mai rami goma wannan sautin babu shi a ramukan ƙasa. Ƙwararru suna fitar da shi ta hanyar lanƙwasa sautin rami na uku da harshe da maƙogwaro, abin da yakan ɗauki watanni. Mai koyo ba sai ya jira ba. A zaɓi waƙar duka da Ctrl da A, a danna kibiyar sama sau bakwai. Raujin bai canza ba, ya dai koma wani hawa, kamar yadda yarinya da babbar mace suke rera waƙa ɗaya kowa da kaurin muryarta. Yanzu do ta dawo rami na 6, re -6, mi -7, so -8, la 8, sannan la ta ƙasa tana 5, so ta ƙasa tana -4. Duk sun samu ba tare da lanƙwasa ba. In an ji ya yi tsini da yawa, a ɗaga sau biyar maimakon bakwai: do ta zama -5, re 6, mi -6, so 7, la -8, la ta ƙasa -4, so ta ƙasa 4. Da hannu wannan lissafi zai ci awa guda, a kwamfuta ƙiftawar ido ne.

Daga nan sai koyo. A rage gudun waƙar zuwa rabi, a sa manhajar ta yi ta maimaita layi ɗaya, a bi ta da harmonika har numfashi ya saba, sannan a ƙara gudu kaɗan-kaɗan. Kwamfuta ba ta gajiya, ba ta tsawa, ko sau hamsin ka ce ta sake za ta sake.

Amma fa a nan ne ya kamata a buɗe kunne. Manhajar da harmonikar duka a kan tsanin fiyano aka gina su, wanda ya raba tsakanin do da do ta sama gida 12 daidai wa daida. Muryar kaka ba ta san wannan tsani ba. Wani sautin nata yana faɗawa tsakanin matakai biyu, wani kuma ba ta dira a kansa kai tsaye, zamowa take yi ta iso shi, kamar yadda yatsan mai goge ko kukuma yake sulalewa a kan tsirkiya. Haɗarin shi ne, in ka ji na kwamfuta sau ashirin, kunnenka zai saba da shi, har ka fara jin kamar tsohuwar ce take kuskure. Daga ranar ka daina adana waƙarta, ka koma gyara mata abin da ta gada. Hukuncinmu a nan ɗaya ne: duk inda kwamfuta da mai waƙa suka saɓa, mai waƙa ce da gaskiya. Béla Bartók, wani masanin kiɗa ɗan ƙasar Hangari da ya fara yawon ƙauyuka da na'urar naɗar murya a 1906, ya gamu da wannan matsala, sai ya riƙa sa 'yar kibiya a kan ɗigo don nuna cewa sautin ya ɗan fi haka sama ko ƙasa. Mu ma za mu iya yin haka da biro bayan an buga takardar. Ga mai son ƙwaƙƙwafi, MuseScore tana ba da damar ɗaga ɗigo ɗaya ko sauke shi da ɗan kaso na mataki, domin kowane mataki an raba shi gida 100.

Haka nan kada takarda ta zama alƙali. In 'yar Tudun Jukun ta rera waƙa da wani salo, 'yar Gyallesu ta rera da wani, ba wadda ta yi kuskure. A rubuta duka biyun. Masu bincike na waje ma sun san yawan abin da ke ƙasar nan. David Ames, wanda ya yi aikinsa a Zazzau, da Anthony King, wanda ya yi nasa a Katsina, littafi guda suka cika a 1971 da kalmomin kiɗan Hausa kawai, sunayen kayan kiɗa da na makaɗa da na lokutan da ake yin kowane kiɗa.

Wanda ba shi da hanyar samun kwamfuta kada ya ce an bar shi a baya. Akwai wani tsari da ake kira ABC, wanda wani Baturen Ingila, Chris Walshaw, ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1990 musamman don kiɗan gargajiya. Da haruffa zalla ake rubuta shi: C D E G A, in ana son a ninka tsawon sauti a sa masa 2 a gaba, kamar A2. Ana iya rubuta shi a bayan littafin aiki ko a tura shi a saƙon waya, ranar da aka samu shiga ɗakin kwamfuta sai a mayar da shi ɗigogi.

Muna roƙon malaminmu na kwamfuta ya taimaka a sa manhajar a na'ura ko da guda biyu ce, malaman Hausa kuma su duba mana nauyin gaɓoɓi kafin a buga. Ga 'yan uwa ɗalibai, a nemi yardar iyaye tukuna, domin gidaje sun bambanta a kan sha'anin kiɗa, kuma wanda aka hana busa zai iya yin aikin naɗa da rubutu, wanda shi ne ma ya fi nauyi. Ba a busa a aji, ba a busa lokacin salla ko kusa da masallaci. Harmonika kuma kamar asuwaki take, ba a aron ta, don ta nan mura da tari suke yawo. A kurkure baki kafin a busa, in ba haka ba ɓurɓushin ƙuli-ƙuli zai toshe harsunan.

A saman kowace takarda a rubuta sunan waƙar, irin wasan ko aikin da ake yin ta a ciki, unguwar da mai waƙar ta koye ta, kimanin shekarunta, da ranar da aka naɗa. Sunanta kuwa sai in ta yarda. Bayan an buga, a koma a busa mata ta ji, abin da ta ce a gyara a gyara. Wanda ya kammala tasa ya miƙa wa sakataren ƙungiya tare da muryar da ya naɗa. Mun ware gefen dama na wannan allo don liƙa su, ɗaya a kowane mako.